Fararen Duwatsun Bappa

Faɗan farko da Turai ta yi da Bappa a kan baƙi ne, kuma har gobe in ka tambaye ta za ta ce maka ita ce da gaskiya, sai dai yanzu takan ɗan yi shiru kafin ta faɗa.

Ranar ta hau Dutsen Rema ne neman sassaƙen itacen hano, wanda take kaiwa kasuwar Janbako tana sayar wa masu jego. Tana saukowa da ƙunshinta a ka, daidai gindin tsohon kukkukin nan inda hanya ta rabu biyu, sai ta yi kiciɓis da wasu samari da 'yan mata, kowa riƙe da gorar roba, gumi na zuba musu kamar an tsamo su daga rijiya. Ta gaishe su yadda ya kamata, ta tambayi gida da gajiya da mutanen Mafara, tunda can suka ce makarantarsu take. Sannan ta ce ina za su. Suka ce Tungar Rema. Ta ce to daga ina suka taso da safen nan. Suka ce Tungar Rema.

Turai ta sauke kayanta ta sake tambaya, ko kunnenta ne ya fara tsufa. Amsa ba ta sake ba. Wai wani dattijo ne, Bappa, ya ce su bi duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa, za su zagaya da su bayan dutse, su hau ƙololuwa, su sauko ta ɗaya gefen garin, shi ya yi gaba yana jiransu a sama. Ta ce aike aka ba su wurin wani a can saman? A'a. Akuya ce ta ɓace musu? A'a. To ko magani suke nema suna jin nauyin faɗi, don in shi ne ga ta nan, ba sai sun wahala ba. Suka kwashe da dariya.

Nan ta tabbata an cuci 'ya'yan mutane. A Tungar Rema ba a barin baƙo ya sha rana ana kallonsa. Mai jaki ya ba shi jaki, mai babur ya goya shi, wanda ba shi da komai ya nuna masa hanya mafi kusa ya taka masa. Sai ta ce su biyo ta. Fararen duwatsu sun yi dama, ita ta yi hagu da su, hanyar mata, wadda ta gangara ta kwazazzabo ta faɗa titin Janbako, daga nan wanda ya san gari ya juyo gida. Kafin gumin jikinsu ya bushe suna zaune a zaurenta suna shan fura, suna kallon juna, sun rasa bakin da za su ce mata ba wannan ya kawo su ba.

Bappa kuwa yana can bisa falalen dutse har rana ta take. Da ya gaji da jira ya sauko, labari ya riga shi isa gari.

"Turai, ina baƙina?"

"Ga su nan da ransu, ka gode Allah."

"Hanya sunka zo bi."

"Sun bi mana. Tungar Rema sunka ce za su, ga su Tungar Rema. Kai da furfurarka, mutum shi taso gari shi ce garin za shi, ka tura shi bayan dutse? Mi sunka yi maka?"

Bappa ya dubi yaran, ya dubi ƙwaryar furar, sannan ya ce, "Ai zagayen shi ne abin." Ya juya ya tafi. Turai ta shekara da shekaru tana juya maganar nan a ranta kamar waina a tanda, ba ta taɓa nuna mata ba.

Da yammacin ranar ta koma gindin kukkuki ta ɗauke fararen duwatsu uku da ke bakin hanyar dama ta jera su a bakin hanyar hagu, don kada wani bawan Allah ya sake faɗawa tarko. Ba a ɓoye ta yi ba, har ta faɗa wa mata a bakin rijiya. Washegari da ta hau, duwatsu sun koma dama. Ta mayar da su hagu. Suka koma dama. Haka aka yi ta yi, rani da damina.

Shi Bappan ba baƙonta ba ne. Abokin mijinta ne marigayi, tun suna tsohon gari a bakin gulbi, kafin a tare ruwa a Bakolori ya hau ya cinye gonaki da makiyaya, a tashe su. Mijin Turai manomi ne, Bappa ɗan ruga, bayan girbi yakan kai shanun gidansu gonar abokin su ci kara su bar masa taki. Da aka tashi, kowa ya nemi tudu. Su Turai suka kafa bukka a gindin dutse, Bappa ya biyo su da abin da ya rage masa na shanu, su kuma shanun ba su so sabon wurin ba. Ciwo ya ɗauki wasu, yunwar rani ta ɗauki wasu, aurar da ƙanne ya kwashe sauran. Ya yi gadin albasa a fadamar Bakolori, ya yi dako a Bakura, ya taɓa zama Damri yana yi wa wani kiwo. Duk inda za shi da ƙafa yake zuwa, sanda a gicciye bisa kafaɗa, don mota amai take sa shi. Matarsa Zainabu ta haifa masa ɗa guda da ya rayu, Mas'ud, ta rasu tun yaron bai yi gemu ba. Mas'ud ya girma ya tafi Talata Mafara yana aiki a injin casar shinkafa, ya yi aure can ya gina gida.

Bappa mutum ne da ba ya gama magana. Yakan fara, in ya kai tsakiya sai ya ɗaga kafaɗa ya bar maka sauran. Turai takan ce shanu ne suka ɓata shi, da yake su ba sa tambayarsa me yake nufi.

Wata shekara ma'aikatan gandun daji suka zo da mota suka tara mutane a ƙofar maigari, suka ce daga yau an keɓe dutsen nan: ba sara, ba farauta, ba ɓare itace. Aka kafa allo a bakin gari da zanen rema wadda ta fi kama da ɓera mai ciki. Suka ce za a fitar da hanya saboda masu yawon buɗe ido, suka tambayi wanda ya san dutsen. Kowa ya nuna Bappa, da yake ya sha bin sawun ɓatacciyar saniya a cikinsa. Aka ba shi bokiti da buroshi da buhun farar ƙasa, ya yi rani guda yana hawa da sauka, yana kawar da ƙaya, yana jera tsakuwa inda ƙafa za ta zame, yana shafa wa duwatsu fari yadda mutum in ya tsaya kan ɗaya zai hango na gaba. Maganar ɓare itace kuwa, Turai ta ce ita tana sassaƙar hano tun ba a yaye uwar wanda ya kawo dokar ba, kuma ta ci gaba da abinta. Bappa bai taɓa kai ƙararta ba. In suka haɗu tana ɗauke da ƙunshi sai ya ɗaga kai yana duban sama, kamar ana shirin ruwa a tsakiyar rani.

Baƙi sun zo, ba laifi. Ɗalibai, masu bautar ƙasa, ma'aikatan dam a ranar hutunsu, har da wani Bature mai jan wuya da ya durƙusa yana ɗaukar hoton ƙadangare. Matsalar Bappa ba dutsen ba ce, mutanen gari ne. Ba Turai kaɗai ke ceton baƙi ba. Da an hango su sun nufi dutse da ƙafa sai ka ga mai babur ya sha gabansu yana rantsuwa ba zai karɓi komai ba, wani ya kawo lema, wata ta aiko a ce su dawo su ci tuwo rana ta yi sanyi tukuna. Dole Bappa ya koma fita da su ta bayan masallaci da an sallame asuba, kafin kirkin garin ya farka.

Daga baya hanyoyi suka lalace, ba lalacewar ramuka kaɗai ba. Daji ya zama abin da ya zama, ba mai barin Mafara ya zo ƙauye kallon ƙadangare. Ma'aikata suka daina zuwa, allo ya yi tsatsa, remar ta rasa kai. Bappa dai bai fasa ba. Kullum da safe ya ɗauki sandarsa ya shiga ta bayan masallaci, kafin azahar ya ɓullo ta wajen maƙabarta. Ita ma Turai ba ta fasa kawar da duwatsu ba, ko da yake babu sauran baƙon da za ta ceta. Hannu ne ya saba.

Sai ranar da ta hau ta tarar da duwatsu a hagu, inda ta bar su. Ta tsaya tana kallonsu. Washegari ma suna nan. Ta sauko tana faɗa wa mata cewa ɗan Fulani ya sallama, gaskiya ta yi halinta, amma tuwon daren nan bai yi mata daɗi ba, ba ta kuma san dalili ba. Ba a jima ba wani mai babur ya shigo gari goye da Bappa, ya yi amai a rigarsa. A kusa da Janbako ya tsince shi, yana tafe a tsakiyar titi da rana tsaka, yana duba gefen hanya yana neman farin dutse. Ya bi duwatsun ne zuwa hagu, ya faɗo titi, bai san ta inda ake juyowa gida ba.

Sai a lokacin kowa ya fara tuna abin da ya gani. Wannan ya ce ya ji shi yana kiran Zainabu ta kawo ruwa. Wancan ya ce ya gan shi ya yi la'asar ya shafa, ya sake tashi ya kabbarta. Maƙwabci ya ce ya tsinci butarsa a cikin rumbu. Mas'ud ya zo daga Mafara idanunsa jajur, ya zauna gaban maigari ya ce shi ba zai jira a aiko masa da mummunan labari ba, a irin zamanin nan da ko mai hankalinsa ba ya ratse hanya. Maigari da liman suka ba shi haƙuri, suka ce tsohon nan in aka raba shi da dutsen an raba shi da abin da ya rage masa. Mas'ud ya yarda, amma da sharaɗi: in aka sake neman mahaifinsa aka rasa, ko sau ɗaya ne, zai ɗauke shi.

Turai ta san gidan Mas'ud, ta je suna. Ginin bulo ne, tsakar gida duk siminti, ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ko tsakuwar da za ka jefi kaza babu. Ta yi tunanin mutumin da ya taka daga nan har Damri an sa shi a ciki an rufe. Ta hau ta mayar da duwatsu dama da hannunta, tana yi tana mita, tana cewa ita dai har yanzu ba ta ga hankali a ciki ba.

Abin ya yi aiki, har damina ta wuce. Bappa ya fita ta masallaci, ya dawo ta maƙabarta, ko da bai san ranar da ake ciki ba. Amma ruwa ya wanke farar ƙasa, shi kuma ya manta da ana sabuntawa. Wata mai tallan nono ta ce ta hango shi a bayan dutse yana tsaye wuri ɗaya yana juyawa kamar mai neman alƙibla, ya daɗe kafin ya yi gaba. Turai ta je ɗakinsa ta ɗauko bokitin da buroshin da ragowar farar ƙasa, ta dama, da safe ta je gindin kukkuki ta zauna jiransa. Wahalar ita ce, ita da ta tsufa a dutsen nan ba ta taɓa taka hanyar dama ba ko sau ɗaya. Ta ɗauka dai shi zai yi gaba, ita ta bi tana shafawa.

Da ya iso ya gan ta sai ya sauke sanda, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya da mutanen birni.

"Hajiya ke kaɗai ce yau? Sauran fa?"

Ta dube shi. Ta ce sauran sun makara.

"To bismilla. Ki bi farare. Amma wurin ga ki yi hankali, akwai wata tsohuwa, Turai, ita ka kawar da su."

"Allah sarki. Muguwa ce?"

"A'a, ba muguwa ba ce. Kanta ne dai..." Ya ɗaga kafaɗa.

Turai ta ce ya wuce gaba. Ya ce ina, ai baƙo ke gaba, shi a baya yake tafiya saboda in wani ya zame ya tare shi, haka ma'aikata suka koya masa bayan abin da ya faru da ɗaliban nan. Ta ce ita ba ta san hanya ba. Ya ce ai shi ya sa aka shafa farare.

Da fari akwai su, dishi-dishi. Ta gano ɗaya ta shafa masa sabon fari, ta ɗaga kai ta nemi na gaba. Hanya ta bi tsakanin manyan duwatsu masu zafi kamar an sauke tukunya, ƙasa duk tsakuwa, sabara da geza sun bushe sun yi toka-toka. Bappa na baya yana yi mata bayani irin wanda yake yi wa baƙi. Ga kashin rema. Ga inda ruwa ke kwanciya da damina. Wancan itacen hano ne, an hana ɓarewa. Turai ta duba, sai ga hano jere-jere, masu kauri, fatarsu lafiya lau ba wanda ya taɓa sa musu wuƙa, abin da ta shekara tana hawa tana karce ragowarsa a gefen gari. Ta tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ai da wannan tsohuwar ta sani da yanzu tsirara suke.

Can gaba farare suka ƙare ƙaf. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, falalen dutse ko'ina, ba sawu ba alama. Ta tsaya, ya tsaya. Ta ce ina aka nufa. Ya ce duk inda Hajiya ta ga fari. Ta ce babu fari. Ya dubi bokitin da ke hannunta ya ce, ga shi nan kuwa. Ta rasa ko wasa yake ko ciwon ne. Ta zaɓi wani dutse da ya yi mata kama da wanda za a shafa, ta shafa. Bappa ya dube shi ya gyaɗa kai ya ce yauwa, nan ne, ya taka zuwa wurinsa da ƙarfin gwiwa. Ta shafa wani a gaba, ya ce yauwa. Ta gwada shi, ta nuna wani can gefe daban ta ce ko wancan ne, ya ce in an shafa shi ne. Daga nan ba ta ƙara sanin wa ke bin wa ba. Wani lokaci ƙafarsa takan karkata da kanta tun kafin ta shafa, sai ta bi ƙafar. Wani lokaci ya tsaya cak yana jiranta. Sau da yawa sun zo bakin rami sun koma da baya, ta bi tana goge abin da ta shafa da gefen zaninta, farin kuma ba ya gogewa sosai.

Rana ta take, ta karkata. Gwiwoyinta suka fara ƙara. Suka raba ɗan ƙuli-ƙulin da ta ƙulle a haɓar zani da ruwan butarsa. Ya tambaye ta ko ta san Zainabu, ta ce ta san ta. Ya ce tana gida tana jira, ta ce to.

Ba ta san sun kai ƙololuwa ba sai da iska ta buge ta. Bappa ya zauna kan wani dutse da ya yi santsi saboda zama, ya nuna mata na kusa da shi. Daga nan ana ganin komai. Ga Tungar Rema kamar an watsa ƙwaryar gero, ga titin Janbako siriri, ga koren fadama can nesa, bayansa kuma ruwan Bakolori shimfiɗe yana ƙyalli har inda ido ya gaza. Ta tambaye shi, to in baƙin sun iso nan me suke yi. Ya ce dubawa suke yi. Ta ce sannan fa. Ya ce sannan su sauka.

Ta duba, tunda abin da ake yi ke nan. Ta nemi inda tsohon gari yake a ƙarƙashin ruwan, wajen da tsamiyar ƙofar gidansu take, inda aka kai ta amarya. Ta ga kamar wajen wancan lanƙwasar ne, sai kuma ta ga kamar ba nan ba. Ta juya za ta tambaye shi ko abin da yake zuwa kallo ke nan kullum, ko don shi ya kawo hanyar ta nan. Ya riga ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana cewa Hajiya a yi sauri kada rana ta faɗi.

Saukowa ta fi hawa wuya, farar ƙasa ma ta ƙare a bokiti. La'asar ta yi sanyi sosai lokacin da suka ɓullo ta wajen maƙabarta, shi yana tafe garau, ita tana dogara sandarsa. Garin a tsaye yake. Tun azahar aka nemi Bappa aka rasa, aka nemi Turai aka rasa, maza sun bi titin Janbako da babura, an buga wa Mas'ud waya, ga shi nan tsaye a ƙofar maigari rigarsa jiƙe.

Turai ta fara tun kafin a tambaye ta. Ta ce ba ɓata suka yi ba, aiki suka je, ga bokiti shaida, kuma wanda ya fita ta masallaci ya dawo ta maƙabarta da ƙafarsa ba a ce masa ɓatacce. Ta ce da mutanen garin nan sun iya zama wuri ɗaya da ba a tayar da yaro daga wurin aikinsa ba. Mas'ud ya bari ta gama, don yaro ne mai ladabi.

"Inna, inda kunka bi, ita ce hanyar Baba?"

Turai ta tuna falalen dutsen nan, da bakin ramin, da fararen da ta goge ba su gogu ba.

"Mun dai dawo," in ji ta.

"Gobe in ya fita shi kaɗai, zai dawo?"

Wannan karon ita ce ta ɗaga kafaɗa. Mas'ud ya juya wajen mahaifinsa ya tambaye shi a hankali ina ya je yau. Bappa ya ce baƙuwa ya kai, mutuniyar kirki, sai dai ba ta da sauri, kuma a ba ta ruwa kafin motarsu ta tashi. Babu wanda ya yi dariya. Maigari ya dubi ƙasa, liman ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, magana ta ƙare.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar Bappa. Hafiza, matar Mas'ud, ta zo tare da direba tana haɗa 'yan kayansa, ta tanadi leda da lemun tsami saboda amai. Turai ba ta zo da wuri ba. Sai da aka kusa tashi aka hango ta tafe daga wajen dutse, tana ɗingishi, da kwano a ka. Ta dire shi a gaban Hafiza. Duwatsu ukun nan ne na gindin kukkuki, da wasu ƙanana da ta tsinto a farkon hanya, dukkansu da sabon farinsu na jiya. Ta ce a jera su a tsakar gida, daga ƙofar ɗakinsa a bi jikin katanga, a zagaya bayan madafa, a wuce ta wajen randa, a dawo ƙofar ɗakin ta ɗaya gefen, kada a yi ta miƙe. Hafiza ta ce, Inna, ai tsakar gidan ba wani girma gare ta ba, in ya zagaya ina za shi? Turai ta ce ita ma abin da take tambaya ke nan tun Hafiza ba ta zo duniya ba, ta dai jera.

An riga an sa Bappa a gidan baya, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ta leƙa ta taga. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, ba ta san ko Hajiyar jiya yake gani ba, ko Turai, ko wata can daban. Ya tambaya wa zai tari baƙi in sun zo. Ta ce in sun zo za ta san yadda za ta yi da su. Direba ya tayar da mota, ta dafa ƙofar ta matso da bakinta kusa da kunnensa, don ya fara nauyin ji.

"Ka bi farare, Bappa. In wani ya tare ka ya ce ga hanya mafi kusa, kada ka bi shi, ko da ni ce."